Saƙon da Ya Iso Bayan Injin Ya Ƙone

A Kanyar Dogo, wani ƙauye da ke gabas da Zakirai, duk wanda ka tambaya gidan Sakinatu mai kwamfuta zai nuna maka. Gidan ƙasa ne, ƙofarsa na kallon masallaci, kuma a cikinsa aka haife ta. Mahaifinta Malam Iliyasu yana da makaranta a zaure da gonaki biyu a bayan gari. Mutum ne marar yawan magana, amma ya tsaya a kan abu guda: duk ɗan da Allah ya ba shi, mace ko namiji, sai ya yi karatu har inda kansa ya tsaya. Na Sakinatu bai tsaya da wuri ba. Ta sauke Alƙur'ani, ta gama sakandare, ta shiga wata kwaleji a Kano ta karanta kwamfuta.

A kwalejin ɗalibai sun yi yawa, kwamfutoci kuma kaɗan ne. Saboda haka mafi yawan manhajar da ta koya, wato jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, a takarda ta fara rubuta ta, tana bin layi bayan layi da bakin biro tana auna abin da na'ura za ta yi. Daga nan ta sami halin da har yau take da shi, ba ta sakin abu sai ta gane dalilinsa. A ajin ne kuma ta yi ƙawa, Zulaihatu, 'yar Ungogo, mai son kwance kayan lantarki ta ga cikinsu. Yarukan da ake rubuta manhaja da su suna da yawa. Zulaihatu ta riƙe wanda ake kira C, don shi ya fi kusa da waya da ƙarfe. Sakinatu ta fi sakewa da Python. Sun sha yi wa juna tsiya a kan wane ya fi.

Da suka gama, Zulaihatu ta kama aiki a wani shagon gyaran inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama ta gida. Sakinatu ta sami wurin buga takardu a Ungogo, ta auri Sama'ilu, ɗan ƙauyensu mai tuƙa adaidaita sahu, suka haifi Fadima. Zama ne na rufin asiri, har shekarar da aka cire tallafin man fetur. Mai shagon buga takardu ya kasa tayar da janareta, ya rufe. Sama'ilu ya riƙa yini a kan titi yana dawowa da abin da bai kai na cefane ba, har ya gaji ya mayar wa mai babur da abinsa. Cikin damina suka ɗaure kayansu suka koma gida. Sakinatu ta rungumo tsohuwar kwamfutarta a cinya tun daga tasha har ƙofar zauren mahaifinta.

Da kaka ta wuce, Sama'ilu ya bi Kawu Nababa, ƙanin mahaifiyar Sakinatu, zuwa noman rani. Kawu ya tsufa a fadama, albasa ce sana'arsa tun yana saurayi. Shi da maƙwabtan gonarsa sun ga fetur ya gagare su, sai suka haɗa ƙarfi suka sayi injin sola, irin wanda ake zurawa cikin rijiyar burtsatse. Injin yana zuba ruwa a wani babban kwarami da suka shimfiɗa wa leda, daga nan ake kora shi zuwa fangali. Matsala ɗaya ce. Irin wannan injin ruwa ne ke sanyaya shi, idan rijiya ta ja baya ta bar shi yana juyi a bushe, sai ya yi zafi ya ƙone. Rijiyar kuwa takan ja baya da tsakar rana idan bazara ta doso. Dole kullum mutum guda ya bar aikinsa ya zauna gadin bakin tiyo. Akwai na'urar da ake sayarwa a birni mai wannan aiki, amma tashin dala ya sa ta fi ƙarfinsu.

Sama'ilu ya ba ta labarin ne yana cin tuwo, bai ɗauka wani abu ba. Ita kuwa ta kwana ta tashi da shi a rai. Ta kira Zulaihatu.

"Zulai, in na sami abin da zai gaya mini zurfin ruwa a rijiya, zan iya sa injin ya kashe kansa."

"Ma'aunin ba wuya," in ji Zulaihatu. "Akwai wata 'yar kwamfuta kamar tafin hannu a shagonmu, an yar da ita, na gyara. Ni zan rubuta ɓangaren da ke karanta ma'auni, ke ki rubuta mai yanke hukunci."

Haka aka yi. Manhajar Zulaihatu, ta yaren C, tana duba ma'aunin ta fitar da lamba. Ta Sakinatu, ta Python, tana karɓar lambar, in ta ga ruwa ya yi ƙasa ta yanke wa injin wuta ta aika saƙo a wayar Sama'ilu. Tsakanin manhajojin biyu akwai hanyar da masu kwamfuta ke kira bututu, abin da ta farko ta fitar shi ke faɗawa hannun ta biyu. Sakinatu ta gwada a tsakar gida da duron ruwa da ƙwan fitila a madadin injin. Don kada ta yi ta jira, ta sa ma'aunin ya riƙa karatu da sauri sosai. Tana kwashe ruwan duro, ƙwan ya mutu, wayar ta yi ƙara. Ta maimaita har ta gamsu. Da za a kai gona, sai ta rage saurin karatun ya zama jefi-jefi, don kada ƙaramin batirinsu ya ƙare.

Kawu Nababa ya kalli akwatin robar da aka sa na'urar a ciki aka ɗaure a gindin farantan sola, ya daɗe yana shafa gemu.

"Sakina, wannan ɗan abin ne zai yi mana gadi?"

"Shi ne, Kawu, in Allah ya yarda."

"To. Na san ba kya wasa da aiki."

Kwanakin farko rijiya ba ta ja baya ba, don haka babu wanda ya ga aibu. Mai gadi ya koma fangalinsa. Ranar da aka yi zafi mai tsanani, ruwa ya janye wajen azahar, injin ya ci gaba da juyi. Mutane suna can ƙarshen gona suna kora ruwan kwarami, ba su ankara ba sai da kwaramin ya kusa ƙafewa. Ko da suka iso, ƙaurin waya ne ke fitowa daga bakin rijiya. Suna cikin jawo injin da igiya, da la'asar, wayar Sama'ilu ta fara ƙara a aljihu. Saƙo ne: ruwa ya yi ƙasa, an kashe injin. Kafin ya gama karantawa wani saƙon ya shigo, wani ya biyo shi, duk magana ɗaya, ba ƙaƙƙautawa. Wani cikin manoman ya yi dariyar takaici. Sama'ilu ya je ya fizge wayar batirin daga akwatin, ya saɓo shi ya kawo gida.

Bai yi mata faɗa ba. Ya ajiye akwatin a gabanta, ya faɗi abin da ya faru, ya ɗauki buta ya fita. Kawu ne ya zo bayan magariba, ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba.

"Ni na ce musu su yarda da ke," ya ce. "Albasa tana cikin sa kai, yanzu ne ba ta son ƙishi. Injin sai an kai shi birni an sake naɗa masa waya. Ki ajiye abin nan, Sakina. Ba na son in sake ganinsa a gonata."

"Na ji, Kawu. Allah ya huci zuciyarka."

Ta ji ɗin, kuma maganar ta zauna mata a ƙirji kamar dutse. Daga washegari maza suka koma ɗibar ruwa da jarkoki daga wani tafki mai nisa, wasu ranakun su yi hayar injin fetur. Sama'ilu na dawowa da kafaɗu a kumbure. Matan unguwa in sun shigo gaisuwa sukan saci kallon akwatin. Sai dai abin da ya fi hana ta sukuni shi ne ba ta san me ya faru ba. Da a ce manhajar ba ta yi aiki ba ne gaba ɗaya, da ta fahimta. Amma ta yi aikin daidai, sai dai ta yi shi bayan an gama asara.

Ta tuna ta sa manhajarta ta riƙa adana duk lambar da ta karɓa a wani fayil. Ta buɗe shi. Babu komai a ciki, ko layi ɗaya. Ta kira Zulaihatu.

"Kin gani ko," in ji Zulaihatu. "Fayil ɗinki ma ba komai. Naki ne ya tsaya."

"In ya tsaya, wa ya aika saƙon?"

"Ni dai na gwada nawa kafin in turo. Ina kallon lambobin suna fita ɗaya bayan ɗaya a fuskar kwamfuta. Python ɗin nan naki dama nauyi gare shi."

"Zulai, injin mutane ne ya ƙone. Ba muna aji ba ne."

"To ni kike so in ɗauki laifin?"

Suka rabu a waya ba daɗi, karo na farko tun haɗuwarsu. Sakinatu ta yi kwanaki tana bin manhajarta layi-layi, ba ta ga kuskure ba. Ta bi ta Zulaihatu, ita ma ba ta ga komai ba. Ranar kasuwar Zakirai ta ce wa mijinta tana son zuwa Ungogo.

"Kawu ya ce a bar maganar," in ji shi.

"Ya ce kada ya sake ganinsa a gonarsa, ban kuma ce zan kai ba. Abban Fadima, in ban gano abin nan ba, ba zan ƙara yarda da komai na rubuta ba."

Ya dube ta, ya san ba za ta sauka ba. Shi ya raka ta tasha.

Ta isa shagon gyaran inbata da Fadima a goye da akwatin a jaka. Zulaihatu ta karɓi yarinyar, suka gaisa sama-sama, aka kawo bokitin ruwa aka tsoma ma'aunin. Zulaihatu ta tayar da manhajarta ita kaɗai. Lambobi suka riƙa fitowa a fuskar kwamfuta, kowace a lokacinta. Ta ɗaga kai ta kalli ƙawarta. Suka haɗa biyun ta bututu, suka zare ma'aunin daga ruwa, suka jira. Shiru.

Sakinatu ta ajiye manhajarta gefe, ta rubuta wata 'yar ƙarama da Python wadda ba ta da aiki sai nuna duk abin da ya iso mata. Suka haɗa. Shiru.

"Yaren ne dai," in ji Zulaihatu.

"To rubuta mai karɓar da naki yaren mu gani."

Zulaihatu ta ja kwamfutar gabanta ta rubuta mai karɓa da C, ta haɗa manhajojinta biyu da kanta. Suka zuba ido. Babu abin da ya fito. Ta sake dubawa, ta sake tayarwa, haka dai. Ta jingina da bango.

A nan Sakinatu ta tuna bambanci guda tsakanin tsakar gida da gona, wato saurin karatu. Ta ce a mayar da shi yadda ta yi a gida. Nan take lambobi suka cika fuskar kwamfutar. Zulaihatu ta buɗe baki za ta yi magana, Sakinatu ta ɗaga mata hannu.

"Tsaya ki duba da kyau. Ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. Sai su taru, su zubo a dunƙule, su tsaya, su sake zubowa. Rage saurin kaɗan."

Aka rage. Tsayawar ta ƙara tsawo, dunƙulen yana nan yadda yake. Aka ƙara ragewa, tsayawar ta ƙara tsawo.

"Haka saƙonnin suka zo wa Abban Fadima," in ji Sakinatu a hankali. "Na yini guda, a lokaci ɗaya."

Zulaihatu ta dafe goshi. "Bafa ce. Wallahi bafa ce."

Ta zaro waya ta nemo bayanin yaren, suka haɗa kai suna karantawa. Bafa wani ɗan wuri ne da manhaja ke tara abin da za ta fitar kafin ta sake shi, don fitarwa kaɗan-kaɗan yana cinye wa kwamfuta lokaci. Manhajar C, in ta ga da fuskar kwamfuta take magana, ta san mutum ne ke jira, sai ta saki kowane layi da zarar ya kammala. In kuwa ta ga bututu ne a gabanta, sai ta riƙe, ba ta saki sai bafar ta cika. Shi ya sa gwajin Zulaihatu ya yi kyau. A tsakar gida kuma karatun sauri yana cika bafar cikin ƙiftawar ido, jinkirin bai nuna ba. A gona, da karatun jefi-jefi, tun safe take tarawa ba ta cika ba sai la'asar. Manhajar Sakinatu ta yini tana jiran abin da ba a miƙo mata ba.

Maganin layi ɗaya ne, umarnin da ke cewa a juye bafar bayan kowace lamba. Zulaihatu ta rubuta. Suka mayar da saurin gona, suka sa lambar wayar Sakinatu a madadin ta Sama'ilu, suka zare ma'aunin daga bokiti. A karatu na gaba wayar ta yi ƙara.

"Ki yafe mini, Sakina. Daga wajena ne."

"Bari tukuna. Ba mu san me ya cinye fayil ɗina ba."

Wannan karon a bayanin Python suka duba, kuma abin da ta zata shi ta tarar. Shi ma yana riƙe abin da zai rubuta a fayil sai ya taru, kuma nasa wurin tarawar ya fi girma. Da Sama'ilu ya fizge batir, duk abin da ke riƙe ya tafi. Yaren da take taƙama da shi yana da irin halin, sai dai umarnin da ake ba shi ya saki daban ne da na C. Ta gyara nata. Suka kalli juna, Zulaihatu ta fara dariya, ita ma ta bi ta. Aka aika aka sayo awara suka ci a nan kan teburin gyara.

A motar komawa gida ne wani tunani ya zo mata. Yau bafa ce, gobe yana iya zama waya ce ta tsinke ko ma'auni ya lalace. Manhajarta ta ɗauki shiru a matsayin lafiya. Tana isa ta ƙara mata doka: in an ɗan jima ba ta ji lamba daga wajen ta Zulaihatu ba, ta kashe injin ta aika saƙo, ba sai ta san dalili ba. Ta mayar da duro tsakar gida, ta gwada da saurin gona, yini bayan yini. Ta zare waya da gangan, ta cire batir tsakiyar aiki, ta cire ma'auni, ta yi duk ɓarnar da ta iya tunani.

An dawo da injin daga birni ana gab da azumi. Ta je gidan Kawu ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani gwargwadon yadda zai gane. Ya saurara har ta gama.

"Na ji. Amma wancan karon ma kin ce kin gwada."

"Haka ne, Kawu. Ban ce ku yarda da shi ba. Ai kuna neman mai zama gadin tiyo. Ku bar ni in zauna, akwatin yana gefe. In ruwa ya ja baya bai kashe ba, ni zan kashe da hannuna, in ɗauke shi, ba za ka sake jin maganarsa ba."

"Ke, cikin azumi, a ranar nan?"

"Zan iya."

Kawu ya ce sai mijinta da mahaifinta sun amince. Malam Iliyasu cewa ya yi kawai ta tafi da tabarma da laima.

Ta bar Fadima wurin kakarta, ta riƙa bin Sama'ilu gona da safe. Tana zaune ƙarƙashin farantan sola, ido a kan tiyo, hannu kusa da makunni. Leɓɓanta suka bushe, fuskarta ta yi duhu. Wasu manoman sukan wuce su yi mata sannu, wasu su wuce kamar ba su gan ta ba. Kwanaki suka shuɗe rijiya ba ta ja baya ba, har ta fara tunanin za ta ƙare azumin a zaune ba tare da an ga komai ba.

Wata rana bayan azahar ta ga ruwan tiyo ya fara sirancewa. Ta ɗora yatsa a kan makunni, ta ce a ranta in ya fara tofar da iska za ta danna. Ba a kai nan ba. Akwatin ya yi ɗan ƙas, gurnanin injin ya ɗauke. Daga can cikin fangali ta hango Sama'ilu ya miƙe yana laluba aljihu, ya duba waya, ya kira Kawu.

Kawu Nababa ya tako a hankali. Ya leƙa rijiya, ya shinshina, ya taɓa wayar injin ya ji ta da sanyi. Ya nemi inuwa ya zauna. Suka jira tare har ruwa ya dawo, akwatin ya sake yin ƙas, tiyo ya cika. Sannan ya tashi ya karkaɗe rigarsa.

"Gobe ba sai kin zo ba," ya ce. "Ki zauna ki huta, ki yi mana kunun shan ruwa."

Albasar shekarar ba ta yi auki ba, ƙishin da ta sha ya nuna a kanta, kuma akwai manomi guda da har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsa da Sakinatu. Amma injin bai sake ƙonewa ba. Da rani ya zagayo, mutanen fadamar da ke gaba da tasu suka aiko a yi musu irinsa, daga baya wasu daga wajen Gezawa. Zulaihatu ce ke haɗa akwatunan a Ungogo ta ba direba ya kawo. Sakinatu ba ta barin ko ɗaya ya fita daga gidan sai ya yi kwanaki a bakin duro, manhajojin biyu a haɗe, da saurin da za su yi aiki a gona.

Yanzu wani aikin ne a gabanta. Wani ɗan kasuwa a Dawanau yana son abin da zai riƙa gaya masa idan danshi ya shiga sito inda ya jibge wake. Ma'aunin da ya sayo ya zo da tasa manhajar, an rubuta ta da wani yare da ita da Zulaihatu ba su taɓa aiki da shi ba, kuma har yanzu ya ƙi jituwa da nata. Ta fara koyon yaren a waya, bayan ta sallami ɗaliban Islamiyyar da take koyarwa da yamma. Sama'ilu ya tambaye ta ko za ta ce wa mutumin ya nemi wani. Ta ce a'a, ta dai gaya wa ɗan kasuwar ya ƙara mata lokaci.